Awo Daga Nesa

A Aboabo, bayan rumfar mai ƙosai,
Baba Fuseini ya rataye igiyar awo a ƙusa.
Yanzu waya ce ke kawo masa mutane:
wuya sha shida, hannu ashirin da uku,
hoton shadda daga Jamus,
kuɗi su shigo da ɗan kuka, sidi ɗari huɗu.

Rabonsa da dafa kafaɗar mai riga
tun kafin azumi.
Bencin baƙi, kyanwa ta gaje shi.

Jiya saƙon murya ya iso cikin fushi:
rigar ta matse.
Ya yi dariya har keken ya tsaya.
Da can tumbi ba ya yi masa ƙarya.
Yanzu kowa, daga nesa,
siriri ne.