Haƙorin Eleodoro

Shekara bakwai ƙanena bai buɗe wa baƙo baki ba.
A nan Valparaíso, inda gidaje ke maƙale da tudu
kamar masu tsoron zamewa cikin teku,
kowa ya san Eleodoro, mai ɗinkin komar masunta,
mai hira shi kaɗai a matakala ta ɗari da tara.

Maganin da ya kwantar masa da muryoyi
shi ya ƙafar masa da rijiyar baki.
Yawu ya ɗauke, harshe ya koma busasshen kifi.
Sai ya riƙa jiƙa shi da shayi, suga cokali huɗu,
ga sigari, kara na bin kara,
ga hannu na rawa, buroshi ba ya zama a yatsu.
Ni kuwa kullum safe ina ƙirga masa ƙwayoyi,
ban taɓa ƙirga masa haƙora ba.

Ranar da kunci ya kumbura kamar ya ɓoye lemo
ya ce, "Herminia, a turmin nan na hagu suka dasa ta.
Rediyo ce. Ta nan masu tashar jiragen ruwa ke jin tunanina."
Na ce ba haka ba ne. Na faɗa har bakina ya gaji.
Maganar ta faɗi ƙasa tsakaninmu, ba wanda ya ɗauka.

Asibiti biyu sun karanta takardarsa kafin fuskarsa,
suka ce mu dawo wata mai zuwa.

Sai Dakta Ximena Painemal, 'yar ƙaramar mace, furfura a goshi.
Zuwan farko ko taɓa shi ba ta yi ba.
Ta bar ƙofa a buɗe, ta kashe fitilar nan mai ido ɗaya,
ta jera ƙarafanta a faranti, ta ce ya ɗaga ɗaya bayan ɗaya.
Ya shinshina, ya auna nauyi, ya tambayi sunan kowanne.
Muka hau tudu zuwa gida ina ƙunƙuni,
kuɗin mota sun tafi a banza.

Zuwa na biyu ya zauna, amma ƙafa ɗaya a ƙasa.
Ta ce, "In ka ɗaga hannu zan tsaya, ko a tsakiyar aiki."
Ya gwada ta sau shida.
Sau shida ta tsaya.

Da ya kawo zancen rediyo na sunkuyar da kai.
Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ce gaskiya ne ba.
Ta ce, "Ni ruɓa nake gani, da mugunya a ƙarƙashi.
Abin da kake ji, kai ke jin sa.
Zafin dai mun yarda da shi mu biyu, mu fara ta nan."
Ta kira likitan ƙwaƙwalwarsa a gabansa, ba bayan idonsa ba,
suka daidaita allura da ƙwayoyin da yake sha.

Ranar Laraba haƙorin ya fita.
Ta wanke shi, ta ɗora masa a tafin hannu,
baƙi, da rami, saiwa biyu a karkace.
Ya kai shi kunne. Ɗakin ya yi tsit.
Can ƙasa wani jirgi ya yi kuka a bakin ruwa.
Ya daɗe yana saurare,
sannan ya ce, "Wannan ya yi shiru."

Kada ku ce na ce ya warke.
Muryoyin suna nan, sun koma bango, wani daren rufin ɗaki.
Amma yanzu akwai gorar ruwa a aljihun rigarsa,
da buroshin da ta naɗe wa mariƙi roba don ya cika hannu.
Suga ya sauko cokali biyu, muna kan ciniki.
Haƙorin na cikin gwangwanin ƙugiyoyi, ya hana a yar.

Jiya da yamma ya yanka burodi mai ɓawo,
ya shafa fiya, ya barbaɗa gishiri,
ya tauna a hankali ta dama, yadda ya saba,
sannan, ina kallo ta gefen ido,
ya juya lomar hagu.