Zamiya a Kan Dutsen Igman

Tun ladan bai gama kiran asuba ba
Zumreta ta cika fulas biyu da shayi,
ta naɗe burodin nama a tawul
kada sanyi ya riga mu ɗanɗanawa.
Mu takwas, mota biyu,
tawa tana tari kamar tsohon da ya ƙi barin taba.

Ƙanena Sabit ya zo daga Suwidin
da mata da 'ya'ya biyu
masu gaishe da kakarsu da rabin harshe.
Nasu abin zamiyar na roba ne, ja, sabo fil,
ko takardar farashi ba a ɓamɓare ba.
Namu katako ne, aikin hannun Baba,
ƙarfen ƙasansa duk tsatsa.
Shekarar da muka ƙona kujeru don ɗumi,
muka ƙona ƙyauren ɗaki da littattafan makaranta,
Inna ta zauna a kansa ta ce, ban da wannan.

Hanya tana murɗewa kamar hanjin rago.
Dusar ƙanƙara ta danne rassan itatuwa
sun sunkuya kamar masu ruku'u.
Dalila tana ƙirga kwanoni da yaren can,
Sabit bai ce uffan ba.
Yana ɗan sha huɗu ya tsallake dutsen nan,
da dare, ba tocila,
riƙe da gefen rigar wani da bai san sunansa ba.
Ban taɓa tambayarsa ba.
Shi ma bai taɓa farawa ba.

A kan tudu yara suka ɓalle.
Emrah ya kife tun kafin a tura shi,
ya tashi da farin gemu yana ɗan shekara shida.
Merima tawa ta koya wa Dalila birki da dunduniya,
Dalila ta biya ta da wata kalma
wadda uwarta ta ce kada a sake maimaitawa.
Safar hannu ɗaya ta ɓata, aka yi kuka, aka manta.
Inna na cikin mota, bargo biyu, gilashi a sauke,
tana ba dutsen duka umarni.

"Kai Sabit, tsayuwar me kake kamar sandar fitila?
Hau mana!"

Muka hau, ni gaba shi baya,
ƙattai biyu masu tumbi
a kan katakon da aka auna da 'yan yara.
Ya yi ƙara, ya yi nishi, ya tafi.
Iska ta kwashe hulata,
ƙanƙara ta cika min baki,
na ji hannunsa ya damƙi gefen rigata
irin damƙar da ba ta wasa ba.
Na ce, ni ne fa, ka san sunana.
Ban sani ba ko ya ji.

Muka afka wani tarin fari a gindin tudu,
ƙafa sama, kai ƙasa.
Ya kwanta rigingine yana kallon gajimare,
kafaɗunsa na rawa.
Sai da na matso na gane dariya ce,
ko da yake idonsa ya jiƙe.
Sanyi kan yi haka.

Shayi ya huce, burodi ya sandare, muka cinye tas.
Katako ya tsage a gefe guda.
Inna ta shafa tsagar da yatsa
ta ce gobe a nemo ƙusa.

Da magariba muna gangarowa,
fitilun Sarajevo sun watsu a kwari kamar garwashi,
yara sun yi barci kai bisa kai,
jiƙaƙƙun safa na tururi a bakin hita.
Sabit ya nuna wani lungu tsakanin itatuwa,
ya ce, a nan takalmina ya cire.
Na rage gudu.
Ya ce, a'a, ci gaba,
faɗa maka kawai nake yi.