Littafin Ma'aji

Ni aka damƙa wa littafin,
wai rubutuna ne ke karantuwa.
Littafin 'yan makaranta ne mai shafi arba'in,
da gwangwanin madara da muka huda wa baki.
A bango na rubuta: Kuɗin tunawa da Inna Tasallah.

Wanda bai zauna Gwagwarwa ba zai ce wace ce.
Shekara ashirin da uku tana zuwa gindin darbejiyar nan
da buta, da ruwan gishiri, da auduga ƙulle a gefen zane.
Tsofaffin sojoji a jere kan benci,
waɗanda ofishin fansho ya manta lambarsu.
Ta kwance tsumma, ta wanke gyambo,
ta yi wa Kofur Jatau faɗa a kan taba,
ta ce, Saje Barau, miƙo ƙafar nan, ba fareti muke ba.
Ranar da ta rasu su suka ɗauki makara,
kowa da ɗingishinsa,
amma sawu ɗaya.

Shafin farko.
Ilu mai shayi, ɗari biyar, ya ce kada a faɗa.
Ga shi na faɗa.
'Yan adaidaita na bakin kwana, dubu huɗu, duk tsofaffin takardu,
sai da na wanke baƙin mai a yatsuna.
Ladidi mai ƙosai, ɗari uku da ƙosai bakwai don ma'aji.
Wani Alhaji ya yi alkawarin dubu ɗari a lasifika.
Na bar masa layi.
Layin na nan fari fat.

Saje Barau ya zo bayan la'asar,
ya ɗora lambar yabo a kan littafin,
tagulla ce, zarenta ya koɗe.
Na ce, Saje, wannan ba ta shiga lissafi.
Ya ce, a narka ta.
Ƙirjina ya gaji, kuma ba ita ta yi jinyata ba.

Sai gardama.
Liman ya miƙe a taro ya ce
siffar mutum ba za ta tsaya a unguwar nan ba,
ita kanta da tana raye, da tsintsiya za ta kore mu.
Samari suka hau gunaguni,
wani ya ce a mayar wa kowa kuɗinsa.
Na dubi gwangwani,
na tuna hamsin-hamsin ɗin yaran da ban rubuta sunansu ba.

Kofur Jatau, wanda tun dawowarsa daga Laberiya
maganarsa ba ta wuce sallama,
ya gyara murya.
Ni ban cika ganin fuskarta ba, in ji shi,
kullum kanta a sunkuye kan ƙafata.
Butar na sani.

Babu wanda ya ƙara komai.
Liman ya laluba aljihu, ya kawo dubu ɗaya.

A Ƙofar Ruwa, Tanimu mai walda ya ce dubu ɗari da tamanin.
Na buɗe masa littafin, ya bi da yatsa har ƙasa:
dubu ɗari da goma sha bakwai.
Ya daɗe yana juya lambar Saje a tafinsa.
Ku dawo ran Laraba, ya ce.
Bai narka ta ba. A murfi ya manna ta.

Yanzu tana can kan dakalin siminti,
butar ƙarfe, bakinta a karkace kamar ana zubawa,
da sandar dogarawa jingine a gefe.
Awaki na soshe-soshe a jikin dakalin.
Baƙi na zaton tallar maƙera ce.

Jiya na je rufe lissafi,
na tarar da Saje a benci, tsumman ƙafarsa ya jiƙe,
ƙuda na zagaye.
Ya dubi butar, ya dube ni.
Ta yi kyau, in ji shi, sai dai ba ta zubar da ruwa.

Na ajiye littafin a ƙasa.
Na aiki yaro gida ya ɗauko tawa ta roba,
da gishiri na hamsin.
Ban san a wane shafi zan rubuta shi ba.