Rasidin Alfadari

Ni ne Tikaram, ma'ajin ƙungiya,
ɗaki guda a saman shagon tela, nan Dailek,
inda kwalta ke ƙarewa, dutse ya karɓa.
Mu biyar ne. Kujerunmu huɗu.

Aikinmu takarda.
Mace, miji ya tafi ɗaukar bulo a ƙasar wasu
ya dawo cikin akwati,
mu nemo mata shaidar gona
kafin 'yan'uwansa su ja sabuwar iyaka da garma.

Shekara uku kuɗi na gangarowa
daga wani birni mai ƙanƙara,
ta hannun Annelise, wadda ban taɓa gani ba
sai a gilashin kwamfuta,
fuskarta na daskarewa duk sa'ad da hadari ya hau tsauni.
Mutuniyar kirki ce, ba zan ci amanarta ba.
Ta san sunan 'yata.
Amma tana son rasit.

Rasidin shayi, rasidin biro,
rasidin alfadarin da ya hau da mu
ƙauyen Dhanmaya, tafiyar yini da rabi.
Mai alfadari bai san biro ba.
Ya dangwala babban yatsa, ya dube ni:
in suna son na dabbar ma, ga kofato.

Suka ce a ƙirga waɗanda suka amfana.
Na rubuta ɗari biyu da sha ɗaya.
Babu gurbi a fom inda zan sa
yadda Dhanmaya ta riƙe takardar gonarta a juye
tana dariya, haƙori biyu,
ta naɗe ta cikin leda uku
ta binne a tukunyar gero.

Ran wata Talata wasiƙa ta iso.
Manufa ta sauya, in ji su,
bana sauyin yanayi aka sa a gaba.
Ta yi mana godiya sau huɗu.
Na ƙirga. Ƙirga ne aikina.

Shugabarmu Pabitra ta ce, to, a sake wa yaro suna,
ai gonar marainiya ma ruwan sama take sha.
Kwana uku muna ɗinkin kalmomi
kamar telan da ke ƙasanmu,
a rage wuya, a ƙara hannu,
ko rigar wani za ta shige mu.
Zanen aro dai ba ya rufe katara.
Wata ƙungiya a Katmandu ta samu,
masu fararen motoci da Turanci kamar famfo.

Na fara jera takardu a kwali.
Mai gida ya hawo sau biyu, yana tari, bai ce komai ba.

Sai ga Dhanmaya a ƙofa, taɓo har gwiwa,
da mata uku, da wata ƙarama a bayansu
sanye da farin makoki, idonta a ƙasa.
Ta sauke kwalbar man shanu, gero mudu shida,
da gwangwanin madara cike da kuɗi a dunƙule,
masu warin hayaƙi.

An ce mutanenku sun janye hannu, in ji ta.
Ga na fitila da na haya.
Wannan kuma mijinta ya dawo shekaranjiya.

Hannuna bai yi shawara da ni ba,
ya jawo littafi, ya yago mata rasit.
Mene ne wannan?
Shaidar kin bayar.
Ta juya shi sama, ta juya shi ƙasa.
Ai na san na bayar, ɗan nan.
Ta rufe bakin kwalbar da shi, ta ɗaure da zare
don kada ƙuda ya shiga.

Ba zai kai mu wata biyu ba.
Na sani, na ƙirga.
Pabitra ta miƙe ta ba yarinyar kujera,
ta ce, faɗa mini sunan gonar,
da wanda ke noma ta gabas da ita.