Ja da Tsanwa

Tsahiru ɗan ƙanwata ne ya zo da ita daga Yamai,
ƴar fitila, ba ta kai ƙwan zabuwa ba.
Ya dasa min ita bisa tebur, kusa da hatimi,
ya ce, "Kawu, in ka danna tsanwa, ƙofa buɗe take.
In ka danna ja, ko ƙuda ya san ba ka nan."

Na yi dariya.
Shekara goma sha bakwai ina lissafin buhunan aya da wake
a biron Alhaji, bayan babbar kasuwa,
ban taɓa kai jimilla gida ba
sai sallama ta tare ta a hanya.
Ina kan jaka ɗari huɗu da saba'in:
ina kwana, lafiya lau,
ina gajiya, ba gajiya,
ina gida, ina yara, yaya ƙafar nan taka?
Kafin a kai ga madalla
lambobina sun watse kamar jajayen awakin garinmu
in an manta an bar garke a buɗe.

Ranar farko na danna ja.
Cima mai fura ta leƙo, ta ce, "A'a, caji ka samu?
To ga wayata."
Direban Ɗan Isa ya daɗe tsaye a kanta,
ya ce irinta ke kamawa a motarsa in mai ya ƙare.
Kafin azahar aka ɗauke wuta,
ja da tsanwa suka zama uwa ɗaya uba ɗaya.

Amma Alhaji ya yi magana, maganar mai biyan albashi:
wanda ya ga ja, ya ja da baya.
Sati uku, biro ya koyi shiru.
Har na fara jin numfashin fanka,
na ji alƙalami yana tafiya bisa takarda.
Lissafin wata na gama shi a kwana biyu,
ko dala ba ta ɓuya ba.
Na ji daɗi. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi.

Sai wata Litinin.
Nomau, tsohon ɗan dakonmu,
wanda buhu ya lanƙwasa wa baya tun ina sabon ɗauka,
kowace kasuwa yana tasowa daga Tibiri
ba don roƙo ba, ba don bashi ba,
gaisuwa kawai, da ɓarin goro.
Na ga takalmansa na taya a bakin ƙofa.
Na ga sun tsaya.
Na ga sun juya zuwa benci.
Na ce a raina, bari in rufe layin nan.
Layi ya haifi layi, shafi ya kira ƙanensa.
Da na ɗaga kai ana kiran la'asar,
bencin ba kowa,
sai ɓarin goro a taga, cikin yagen takardar siminti.

Juma'a bai zo ba. Litinin ma.
Cima ce ta faɗa min, tana dama fura, ba ta ko dube ni ba:
ƴarsa ta kwashe shi zuwa Madarunfa,
ƙafafun sun ƙi hanya.
Abin da ya zo faɗi ke nan.
Ya ce ya ga malam na aiki, bai so ya tsinka masa zare.

Ban jefar da ita ba.
Buhu ba ya ƙirga kansa, Alhaji kuma ba ya jira.
Talata ina danna ja, Laraba ina danna ja,
kuma aiki na tafiya.
Ranar kasuwa dai nakan cire hulata in kifa mata,
in zauna da kai tsirara,
duk mai shigowa ya yanke ni inda ya ga dama.

Goron yana nan a aljihun tebur, tare da tsoffin rasiɗai.
Shi ma da ja ne.
Motar Madarunfa tana lodi kullum,
ina jin yaran tasha suna kira daga nan inda nake.
Na ce ƙarshen wata. An yi ƙarshen wata biyu.