Shafi na Ɗari da Goma Sha Biyu

Na sayi littafin Sajan Evaristo Tovar
a rumfar wani tsoho, bakin tashar Florencia,
bangonsa ya sha ruwa, ya kumbura kamar burodi.
Kwana arba'in da ɗaya a dajin Caquetá,
daga shi sai wuƙa da ƙafa mai ruɓewa.
A kwale-kwale na karanta shi, injin yana ta tari.

Bari in ba shi haƙƙinsa.
Mutumin ya san yunwa, ba sanin shanu ba.
Ya ce a kwana na tara ciki kan daina kuka,
ya koma bebe, sai dasashi ya ɗauki ƙaiƙayi.
Ya ce ya tauna igiyar takalminsa
don kada baki ya manta aikinsa.
Ya ƙirga tsutsar da ya ciro a ƙaurinsa, goma sha bakwai,
ya ci uku, bai nemi afuwar mai karatu ba.
Inda ya bar Kofur Wilmer jingine da kututture,
da sauran ransa, yana kiran sunansa,
alƙalamin bai yi kwalliya ba: jimla huɗu, ya tsaya.
Nan na kife littafin a cinya,
na daɗe ina kallon ruwa.

Amma Sajan, babin farko fa?
Shafi talatin na lambobin bataliya,
wa ya sara wa wa, wace bindiga ta fi wata nauyi.
Sau biyu na yi gyangyaɗi kafin jirginku ya faɗo.
Kuma duk hanyar da ka zaɓa sai ta ɓulle,
sai ka ce daji ma ƙaramin soja ne a ƙarƙashinka.
Wanda ya tsira shi ke riƙe da alƙalami,
Wilmer ba zai gyara maka ko wasali ba.

Sai shafi na ɗari da goma sha biyu:
"Wata 'yar ƙauye ta ba ni abinci."
Shi ke nan.
Karen barikinku ya sami sakin layi biyu,
har da launin kunnensa.

Sunanta Hermelinda Chindoy.
A gonar rogo ta tsince ka, ƙudaje sun riga ta.
Ta wanke miki da ruwan gishiri da ganyen taba,
ka cije mata hannu, tabon yana nan.
Dare goma sha ɗaya kana ƙarƙashin katakon ɗakinmu,
kaji na kwana a kanka.
Ni ce yarinyar da ke riƙe fitila,
wadda aka ce ta yi tari duk sanda ka yi nishi.

Wanda ya tuƙa ka cikin duhu zuwa sansani,
Nicanor ne, mahaifina.
Bayan mako biyu masu bindiga suka zo da tambaya.
Ya raka su bakin kogi.
Ko malafarsa ba mu samu ba.
A lokacin, in ji shafi na ɗari da talatin,
ana manna maka lambar yabo, ana busa begila.

Jiya na karanta wa Inna babin yunwa,
don idonta ya tafi, sai kunne.
Ta gyaɗa kai. "Bai yi ƙarya ba, haka take."
Na karanta mata layinta.
Na jira ta yi fushi, in taya ta.

Ta shafa tabon hannunta da babban yatsa.
"To ƙafar ta warke kuwa?"

Na bi shafukan har bangon baya,
har jerin godiya ga janar-janar da mai buga littafi.
Bai faɗa ba.
Na ɗauki fensir na rubuta sunaye biyu a gefen shafi,
ta ce in tashi in duba tukunya, rogo na ƙonewa.