Ƙarfe Uku a Winnipeg

Ƙarfe uku na dare Dalisay ta buɗe ido tar.
Ba kuka, ba ƙorafi,
dariya ma take yi wa fitilar kan titi
kamar ƙawar da suka daɗe ba su gamu ba.

Watanta bakwai a duniya.
Biyu daga ciki a Iloilo ta cinye su,
a cinyar kakarta Nening,
inda zakara ke tashin gida
rana kuma ke ɗumama ruwan wanka a cikin baho.

Jirgi uku muka hau kafin mu iso.
Tun a sama na juya agogon hannuna,
Perlita ta juya nata,
waya ma ta gyara kanta ba wanda ya roƙe ta.
Na jikin yarinyar nan ne
muka laluba muka rasa inda ake murɗawa.

A cikinta yanzu biyar na yamma ce,
lokacin da kaka ke saɓa ta zuwa bakin teku
su ga masunta na jawo kwalekwale,
a lasa mata mangwaro a kan yatsa.
Ni me zan nuna mata?
Taga. Dusar ƙanƙara har gwiwa.
Motar da ke kankare titi, tana tafe tana gurnani.

An ce dare mahutar bawa.
Mai wannan magana bai taɓa ƙetare sa'a goma sha huɗu
da jariri a ƙirji ba.
Ƙarfe shida zan kama sitiyarin bas
in kwashi mutum arba'in
da suka yarda na yi barci.

Perlita ta ce a nuna mata rana da safe,
da dare a rage haske, a rage murya,
a hankali jikinta zai sauko inda muke.
Wace rana?
A Janairu ranar garin nan sai takwas ta gota take leƙowa,
a ɗarare, kamar wadda ake bi bashi.

Na yi ta zarya da ita daga kicin zuwa ƙofa,
katakon daɓe yana kai ƙarata wurin na ƙasa.
Dare na huɗu aka ƙwanƙwasa.
Na haɗa ban-haƙuri a baki kafin in buɗe.

Madam Hrynko ce, cikin kwat ɗin mijinta,
silifas ɗaya ja, ɗaya toka-toka.
Ta ce, ba ku kuka hana ni ba.
Tun da Taras ya tafi, uku na dare ke tashe ni,
in zauna ina sauraron firij.
Miƙo ta nan. Je ka kwanta.

Ta yi mata wata waƙa da harshen Yukiren.
Dalisay ta cafke tabaraunta,
ta amsa da nata harshen,
wanda ba na kowace ƙasa ba ne tukuna.
Ban ji ƙarshen hirar ba.
Barci ɓarawo, a tsaye ya fara ɗauka ta.

Kwana tashi, dare na goma,
yarinya ta zarce har biyar da rabi.
Ni kuwa uku na bugawa na farka,
hannuna a lanƙwashe, ba kowa a kai.
A ƙasa na ji takun tsohuwa,
daga kicin zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa kicin.

Da safe Nening ta kira.
Can dare ya yi, tana cikin gidan sauro.
Ta tambayi sanyi, ta tambayi haƙori ko ya fito,
sannan ta ce, kullum biyar na yamma
sai in ga na ɗauki hular yarinyar na nufi ƙofa.
Jiya har na kai wajen mai sayar da kifi
kafin in tuna.